Tabarma Ɗaya, Kowa da Allonsa: Shawarwari Ga Masu Karantar da Yara a Gida

Shekarar 2020 ta zo wa iyayen yara a ƙasar Ƙanƙara da abu biyu a jere. A watan Maris aka rufe makarantu saboda korona. Ba a daɗe da buɗewa ba, a daren 11 ga Disamba, 'yan bindiga suka dira a Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Gwamnati da ke Ƙanƙara, suka kora ɗalibai sama da 300 cikin daji. An sako yaran bayan kwana shida, amma gwamnan Katsina na lokacin, Aminu Bello Masari, ya riga ya ba da umarnin rufe makarantun kwana na jihar, tsoron da ya shiga zukatan iyaye kuwa bai fita ba har yau. A ƙauyuka da dama na gundumar Ƙetare, da na Faskari da Sabuwa, boko ya koma yau akwai gobe babu. Yau makaranta a buɗe, malami bai iso ba. Gobe malami ya iso, an ji ƙishin-ƙishin, uwa ta hana kowa fita. Jibi gidan ma ya tashi ya koma Funtuwa ko Malumfashi, yara biyar suna zaune a ɗakin aro.

A Amurka da Ingila akwai iyayen da suka zaɓi karantar da 'ya'yansu a gida don ra'ayin kansu. Mu ba zaɓi muka yi ba, hali ne ya kawo. Abin da ake nema shi ne a rufe garwashin da toka, kada ya mutu kafin a samu damar hura wuta. Tambayar da ta fi damun iyaye kuwa ɗaya ce: ga ɗan shekara biyar, ga 'yar takwas, ga ɗan sha biyu, mutum ɗaya ya zai yi da su? Amsar tana zauren malamin unguwa tun kaka da kakanni. Malam ɗaya ne, ga kolo, ga titibiri, ga gardi, duk a gabansa, amma ba wanda aka rubuta wa allon wani. A kan wannan tsari aka ɗora shawarwarin nan.

1. A fara sanin inda kowane yaro ya tsaya

Kada a tambayi shekarunsa, kada a tambayi ajinsa. Yaro yakan kai aji biyar bai iya haɗa baƙi da wasali ba, ƙanwarsa ta aji biyu kuwa tana karanta rubutun jikin kwalin ashana. A kira su ɗai-ɗai, ba a gaban juna ba. A nuna wa yaro haruffa, in ya wuce a ba shi kalmomi irin su gida, rana, tuwo. In ya wuce, jimla huɗu gajeru, sannan ɗan labari. Inda ya fara inda-inda, nan ne matsayinsa. A lissafi ma haka: lambobi daga 1 zuwa 9, sai 10 zuwa 99, sai tarawa, sai ɗebewa mai aro, sai rabawa.

Wata ƙungiya a Indiya mai suna Pratham ta yi fice da wannan hanya ta ajiye yara bisa abin da suka iya, ba bisa ajinsu ba, kuma an kawo ta wasu jihohin Arewa. A gida, kada rukuni ya wuce uku: masu haruffa, masu haɗa kalma, masu karanta labari. Idan ya zama yaya da ƙane sun faɗo rukuni ɗaya, a yi shiru da bakin. A koya wa yayan darasin da daddare shi kaɗai, gobe ya zo ya riga ya sani, girmansa bai zube ba.

2. Magana ɗaya, nauyi daban-daban

Nan ne aikin yake, kuma nan ne mafi yawan iyaye ke wahalar da kansu. Sai uwa ta ce za ta yi wa wannan Turanci, wancan lissafi, wancan kimiyya, duk a zama ɗaya. Kafin mako ya zagayo ta gaji ta watsar. Hanya mai ɗorewa ita ce a ɗauko batu guda, kowa ya ɗebi daidai ƙarfinsa.

A ce yau masara ce. A zubo tiya ɗaya a faifai a tsakar gida. Auta ya ware ƙwayoyi goma-goma a kan tabarma yana ƙirgawa da ƙarfi, sannan ya zana harafin m a ƙasa da yatsa, ya nemo wasu kalmomi masu farawa da shi: mota, madara, mage. Ta tsakiya ta rubuta jimla biyar a kan yadda masara ke tafiya daga shuka zuwa tukunyar tuwo, sannan a ce mata, "In tiya naira 1,000 ce, Inna ta aike ki da 5,000 ki sayo uku, nawa ne canji?" Babban kuma a ba shi lissafin gona gaba ɗaya. In buhu yana cin tiya 40, nawa ne kuɗin buhu? In Baba ya samu buhu 30 a noman damina, nawa zai fitar na zakka, tunda ɗaya bisa goma ne? A cire kuɗin taki da na 'yan ƙwadago da na mota zuwa kasuwa, me ya rage? A ƙarshe kowa ya faɗi abin da ya samu, ƙananan na sauraro. Auta ba zai gane ɗaya bisa goma yau ba, amma ya ji ta, ranar da ta iso gare shi ba baƙuwa ba ce.

Labari ma haka yake tafiya. A karanta guda daga Magana Jari Ce na Abubakar Imam, kowa na zaune. Ƙarami ya maimaita da baki, ko da ya cakuɗa farko da ƙarshe. Na tsakiya ya rubuta shi a taƙaice. Babba ya sake rubuta shi daga bakin wanda aka cuta a labarin, ko ya canja masa ƙarshe ya kare dalilinsa. Auduga, waken suya, rijiya, zazzaɓin sauro, taswirar hanya daga Ƙetare zuwa Ƙanƙara zuwa Katsina: kowanne zai ɗauki kwana biyu ko uku. Ni a ganina batu biyu a mako sun isa.

Abu biyu ne kawai ba a koyar da su a tabarma ɗaya: koyon haruffa na farko, da sabon babin lissafi. Waɗannan sai an zauna da yaro ido da ido.

3. Lokaci kaɗan, amma kada ya motsa

Sa'a ɗaya da rabi kullum ta fi wuni guda a mako. A yawancin gidaje hantsi ya fi dacewa, bayan an dawo daga allo an karya kumallo, kafin rana ta yi zafi. A fara da kowa tare na kamar minti 15. Daga nan a ba manya aikin rubutu, a juya kan ƙananan, domin su ne haƙurinsu ke ƙarewa da wuri. Ɗan shekara biyar in ya ba ka minti 20 ya biya, a sallame shi ya tafi wasa. Sai na tsakiya. Babba shi ne na ƙarshe, kuma shi ya fi bukatar a nutsu da shi.

Damina tana da hukuncinta. Ranar shuka da lokacin noman fari ba wanda zai zauna, kada a yi faɗa da wannan. A rage zuwa rabin sa'a bayan la'asar, a rama da rani. Alhamis da Juma'a da makarantar allo ke hutu, su ne ranakun da za a ja zaman ya ɗan yi tsawo.

4. Mai rarrafe da mai shan nono

Su ne ke tarwatsa aji. A ware wa mai rarrafe kwano da marafan kwalba manya waɗanda ba za su shige masa baki ba, kada ya gan su sai lokacin karatu. In an san lokacin barcin jariri, a ɗora darasin babba a kansa.

5. Babba ya ja ƙarami, amma kada a cinye babbar ɗiya

Babba ya biya wa ƙarami, wannan gadonmu ne. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da haka ta kai ilimi ƙauyuka: ta koyar da matan da ake kira jaji, su kuma su koma su koyar da matan garuruwansu, abin da aka sani da 'Yan Taru. Kuma wanda ya koyar da abu ya fi riƙe shi. Yarinyar da ta bayyana wa ƙaninta dalilin yin aro a ɗebewa ba za ta sake mantawa ba.

Sai dai ga inda ake zalunci ba a sani ba. Babbar ɗiya ita ce mai ɗebo ruwa, ita ce mai goyo, ita ce mai talla, yanzu kuma an ƙara mata malanta. Kowa na ci gaba, ita tana nan a jadawalin sau bakwai shekara biyu. Sai a wayi gari a ce ai Yaya ba ta da kan boko, gara a yi mata aure. Kan boko tana da shi, lokaci aka hana ta. Saboda haka a kafa doka uku. Koyarwarta kada ta wuce minti 20 a rana. Nata darasin ba ya faɗuwa ko da na kowa ya faɗi. Ranar da ta koyar, wani ya ɗauke mata aiki ɗaya, ko da wanke-wanke ne, kuma namiji ma hannu gare shi.

Sannan kada a ba yaya bulala. Abin da zai rama na faɗan jiya a kan ƙwallo, da sunan karatu zai rama shi.

6. Hausa tukuna

Iyaye da yawa suna ganin in ba Turanci yaro ke yi ba, ba karatu ake ba. Sai a sa shi haddar haruffa da sunayensu na Turanci, yana rerawa kamar waƙa, a nuna masa kalmar baba ya kasa karantawa. Rubutun Hausa yana da sauƙin da na Turanci ba shi da shi: yadda aka rubuta haka ake faɗa. A koya masa sautin harafi, a haɗa gaɓa, ba be bi bo bu, daga nan sai kalma. A ba ƙ da ɗ da ɓ haƙƙinsu tun farko, ya san bambancin kafa da ƙafa, da na dari da ɗari.

An gwada wannan a ƙasar nan. A 1970 Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ife, inda aka koyar da yara firamare gaba ɗaya da Yarbanci, Turanci kuma a matsayin darasi guda, kuma yaran ba su gaza takwarorinsu a Turancin ba. Wanda ya iya karatu da harshensa ya riga ya gane sirrin, saura ya koyi sababbin kalmomi.

Ga babba kuwa lissafin ya canja. Jarrabawar shiga sakandare da WAEC da NECO da Turanci ake yin su, ba yadda za a yi. Daga lokacin da yaro ya iya karanta labarin Hausa ba tangarɗa, a ba shi Turanci kullum, da ƙarfi, ko da sakin layi ɗaya ne, ya fassara wa ƙannensa. Kuma kada a raina ajami. Yaron da ya wuce babbaƙu da farfaru a allo yana da rubutu a hannunsa, a sa shi ya rubuta wa kakarsa saƙo da shi.

7. Kayan aiki, da jakar da za a iya sunkuta

Ba sai an kashe kuɗi da yawa ba. Falle ɗaya na katako da ɗan baƙin fenti ya zama allon aji. In alli ya yanke, ƙasar Ƙanƙara ba ta rasa farar ƙasa. Ƙananan ba sa bukatar takarda, yashi a faranti ya ishe su, a rubuta a shafe. Tsinken tsintsiya a ɗaure goma-goma da zare, shi ne mafi kyawun abin koyar da gidan goma da gidan ɗaya: in za a ɗebe 7 daga 32, yaro ya kwance ɗauri ɗaya da hannunsa, ya ga aron da idonsa. Littafin rubutu da fensir a bar wa waɗanda suka fara jimla.

Littattafai kuwa, Ka Koyi Karatu da Ka Ƙara Karatu tsofaffi ne amma ba su mutu ba, sai Magana Jari Ce da Ruwan Bagaja da Iliya Ɗan Maiƙarfi ga masu ƙwari. Shirin RANA da aka gudanar a makarantun firamare na Katsina da Zamfara ya samar da littattafan koyon karatu da Hausa, a tambayi hedimasta ko akwai waɗanda za a ara. Duk mai zuwa Funtuwa ko Zariya a ba shi sautu.

Waya tana da amfani, amma kada a jingina da ita. A watan Satumba na 2021 an katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan, har da Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, aka yi watanni ba sabis. Abin da ake so a sauke shi a memori tun da wuri. Rediyo mai batir da fitilar sola sun fi waya riƙon amana.

Duk kayan nan, littattafai da takardun haihuwa da sakamakon jarrabawa, a haɗa su a jaka ɗaya cikin leda, a rataye kusa da ƙofa. Wanda ya taɓa barin gida da tsakar dare ya san dalili.

8. In iyaye ba su yi boko ba

Ba su fita daga aikin ba. Uwar da ba ta san harafi ko ɗaya ba ita ce za ta ce lokaci ya yi, a shimfiɗa tabarma. Ita ce za ta ce, "Zo ka karanta mini ina tankaɗe," kuma kunnenta zai gaya mata in yaro na karatu ne ko yana kame-kame. Matar da ke sayar da ƙuli-ƙuli da mai daga cikin gida, tana riƙe bashin mutum goma a ka, ta fi ɗan aji shida lissafi. Ta jefa musu tambaya da baki, su rubuta, a ga wa zai riga. Kaka kuma tatsuniya da kacici-kacici da tarihin yadda aka kafa garin suna bakinta, babban jika ya rubuta abin da ta faɗa, gobe ya karanta mata ta gyara.

Inda abin ya fi ƙarfin gida, kusan kowace unguwa akwai mai takardar NCE ko wadda ta gama sakandare tana zaune. Gida uku ko huɗu su haɗa ɗan abin hasafi, kuɗi ko hatsi, ta riƙa zuwa sau uku a mako. A sanar da mai unguwa. Amma a bar abin ƙarami, a cikin gida, da rana, ba allon sanarwa a ƙofa, ba tara yara hamsin wuri ɗaya. Halin da ake ciki bai ba da wannan ba.

9. Gidan da ɗaki ya fi ɗaya

Karatu yakan tono abin da ke kwance tsakanin 'yan uba. In uwargida ce mai koyarwa, amarya na kallon wa aka yaba, wa aka tsawata wa. Maigida ya sa baki tun farko: a yi zaman a tsakar gida inda kowa ke gani, fensir da littafi shi zai raba da hannunsa, iri ɗaya. Kalmar "dubi ɗan'uwanka" a cire ta daga gidan. Yaro da jiyansa za a gwada shi: makon jiya kalma huɗu ka karanta, yau tara. Marayu da 'ya'yan 'yan'uwa da aka kawo riƙo bayan an tashi garinsu, su ma a tabarmar za su zauna, ba a bakin murhu ba.

10. Yaron da ya ƙi ganewa

Kafin a ce daƙiƙi ne, a duba abu uku. Yana gani? A rubuta harafi a allo, a matsar da shi baya, a rufe ido ɗaya, sannan ɗayan. Yana ji? A kira shi a hankali ta bayansa. Ya ci abinci? In an ga alamar matsala a ido ko kunne, asibiti za a nufa, ba bulala ba.

Akwai na huɗu, wanda ya yi yawa a yankin nan. Yaron da ya kwana a gona yana jin harbi, ko ya ga an tafi da mahaifinsa, zai iya zama a gabanka jikinsa kawai. Ƙarar babur ta sa ya zabura, ya koma fitsarin kwance, abin da ya iya jiya ya ɓace yau. Duka ba ya dawo da irin wannan hankalin, ƙara kora shi yake. A rage masa aiki, a ba shi abin da ya riga ya iya don ya ji daɗin cin nasara, a bar shi ya yi zane. In ya so ba da labarin abin da ya gani a saurara, in bai so ba kada a matsa. Zaman da ake yi kullum a lokaci ɗaya, da mutane ɗaya, shi kansa yana kwantar masa da rai. In watanni suka wuce ba sauƙi, a gaya wa ma'aikacin lafiya.

11. Kada a yanke igiya da makaranta

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara tara na karatu kyauta, shida a firamare, uku a ƙaramar sakandare, kuma ta ɗora wa iyaye alhakin kai shi. Ban da doka ma, akwai abin da tsakar gida ba za ta bayar ba: ɗakin gwaje-gwajen kimiyya, malamin lissafin sakandare, abokai, da takardar shaida. Duk ƙoƙarin uwa, ba ita za ta sa hannu a sakamakon jarrabawa ba.

Don haka sunan yaro ya zauna a rajista. Maigida ya je wurin hedimasta a farkon kowane zango, ya ce, "Malam, ga halin da muke ciki, me 'yan aji huɗu za su yi wannan zangon?" ya kwafo kan darussan a takarda. Ya tambayi ranar jarrabawar zango, da lokacin rajistar 'yan aji shida da 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, domin waɗannan in suka wuce sai wata shekara. Duk ranar da hanya ta yi kyau kuma malami ya zo, yara su tafi, ko da kwana biyu ne a mako. Kowane aikin gida a sa masa kwanan wata a saman shafi, kada a yaga littafin da ya cika don ƙunshe ƙosai. In an yi hijira zuwa wani gari, a makon farko a nemi firamaren gwamnati mafi kusa, a tafi da littattafan nan da takardar haihuwa. Hedimastan da ya buɗe ya ga aikin wata shida a jere da kwanan wata zai san ajin da zai sa yaron, ba sai an mayar da ɗan shekara goma sha ɗaya aji biyu ba.